Ranar da Inna ta amsa tambayar Yariko

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin farko bayan dawowata daga makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Cocinmu ƙarami ne, a wani ƙauye kusa da Bunkure, kusan kowa manomin rani. Fasto ya ce in jagoranci nazari bayan sujada. Na sa kwat (a watan Afrilu, ku yi tunani), na ɗauko jakar takardu.

Darasin a kan faɗuwar birnin Yariko ne, a zamanin Tsohon Alkawari. Ina cikin bayani sai Baba Ɗanjuma, tsohon soja da ya koma noman shinkafa, ya ɗaga hannu.

"Ɗana, Allah mai ƙauna ne ya ce a hallaka gari har da jarirai?"

Daɗi ya kama ni, don na haddace wannan babin. Na ce wasu malamai na ganin hukunci ne a kan mugunta, na wancan zamanin kaɗai. Wasu sun ce salon labarin yaƙi ne na mutanen dā, da zuzutawa a ciki. Wasu kuma sun ce sai an auna komai da halin Yesu. Na yi ta zuba sunayen Turawa kusan minti arba'in. Fasto ya yi tari sau uku, ban kula ba. Masu jiran layin ban ruwa a gonakinsu suna ta leƙen ƙofa.

Da na gama, Baba ya ce, "Na ji ta malamai. Ni na taɓa harbi saboda an ba ni umarni, har yau abin na damuna. Kai me ka ce?"

Na duba takarduna. Babu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, wannan bai fito a jarrabawa ba."

Aka tuntsire da dariya, har da Fasto. Gumi ya jiƙa kwat ɗin.

Sai Inna, mahaifiyata, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa, ta miƙe daga bencin mata.

"Baba, wurin nan ni ma yana min nauyi duk lokacin da aka karanta shi. Ban gane ba, na bar wa Allah. Amma Yesu bai ba mu takobi ba. Wanda ya ce yau Allah ya aike shi ya kashe maƙwabcinsa, ƙarya yake. Kai kuma da abin ke damunka, zuciyarka da rai."

Baba ya daɗe yana gyaɗa kai.

Kunya ta ishe ni ranar, amma alfahari ya fi yawa, don uwata ce. Yanzu in zan yi wa'azi, sai na fara bin Inna gonarta ta tumatir na gwada mata shi tukuna.