Yadda Na Mai da Inna Tabawa Masunciya

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a Mayahi ba, ko da ma ina so in manta mutanen garin ba za su bar ni ba. Ranar ce na miƙe tsaye gaban jama'a, riƙe da littafi, ina musu da firist a kan kalma guda ɗaya tak, wai ni ne mai gaskiya. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Ni mushe ne, kamar yadda ake kiran malamin lakwal a Nijar, wato malamin makarantar boko, ɗan Tasawa da aka turo Mayahi koyar da Faransanci. Kuma a lokacin ji nake duk jihar Maradi babu mai jin Faransanci kamata. 'Yan ajina sun san ni a kan abu ɗaya: 'yan alamomin nan da ake ɗora wa harufa a ka, mai karkata dama, mai karkata hagu, da mai zama kamar hula. Duk wanda ya manta ɗaya a dikte, wato shifta, jan biro zai sha. Na shiga Katolika ina saurayi, ina karatun malanta, kuma komai da Faransanci na koya: addu'o'i, Misa, katekisim, duka. Da Hausa kam ban taɓa roƙon Allah ba, sai dai "wayyo Allah" in na yi tuntuɓe.

Mu Katolikan Mayahi ba mu da yawa, ɗaki guda mai rufin kwano ya ishe mu har da saura. Yawanci baƙi ne ma'aikata, 'yan Benin da Togo da Burkina, masu Hausar kasuwa. Firist ɗinmu, da muke ce wa Momper, daga Maradi yake zuwa, wani lokaci sai a yi wata biyu ba mu ga ƙeyarsa ba. Dattijo ne ɗan Burkina, amma ya shekara ashirin cikin Hausawa, Hausa a bakinsa tar take.

Sai ga Inna Tabawa. Tsohuwa ce daga wani ƙauye kusa da garin Sarkin Hausa, mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Mijinta ya yi gadi shekaru a wani asibitin mishan, can aka yi masa baftisma, ita kuwa ba a yi mata ba har ya rasu ta dawo gida. Shekara biyu tana koyo wurin tsohon katekis ɗinmu, mai koyar da addini, saura 'yan watanni a gama aka canza masa wurin aiki. Burinta ɗaya ne, kuma ba ta ɓoye shi: a yi mata baftisma a Paskar bana, wato bikin Ista, don ranar da ta mutu a yi mata addu'ar da aka yi wa mijinta. Idonta ya fara dushewa, ƙafa ta fara ƙi. Takan ce, "Mushe, ba ni da wata shekarar a aljihu."

Momper ya kira ni a waya ya ce in ƙarasa mata karatun, zai zo ya gwada ta kafin Paska. In ta ci, baftisma. In ba ta ci ba, sai baɗi. Ya ce akwai ɗan littafin addu'o'i na Hausa, zai ba direba ya kawo min. Ku ji amsar da na ba bawan Allahn nan: "Momper, kada ka wahalar da kanka. Hausa a nono na sha ta, Faransanci kuwa shi nake ci da shi. Zan fassara da kaina." (Da akwai mai ƙaunata a kusa, da ya ƙwace wayar.)

Kowace Asabar ƙanenta Malam Idi yakan kawo ta a amalanke. Musulmi ne, mai gemu fari, ba ya shiga ɗakin, sai ya ɗaure jakinsa gindin dogon yaro ya zauna yana jan carbi har mu gama. Na taɓa tambayarsa ko abin bai dame shi ba, ya ce, "Yayata ce. In ban kawo ta ba da ƙafa za ta taho, na san halinta."

Karatu ya yi ta tafiya lafiya lau har muka zo kan addu'ar gaisuwar Maryamu, wadda tsohon katekis ya bari sai ƙarshe. Akwai wurin da ake roƙon Maryamu ta yi mana addu'a, mu "pauvres pécheurs". Ni kuwa tun ina saurayi, da ka nake karanta addu'ar nan, ban taɓa tsayawa na dubi rubutunta ba, kuma a kaina kalmar nan masu kamun kifi take nufi. Ai manzanni masunta ne, ko ba haka ba? Don haka na gyara murya na koya wa Inna: "Ki yi addu'a dominmu, mu matalautan masunta."

Sai ta ce, "Mushe, masunta kuma? Masu kamun kihi?"

"Su fa, Inna."

"To mu nan ina muka ga ruwa? Ni kihi sai busasshe, ranar kasuwa."

Maimakon tambayar nan ta farkar da ni, sai ta buɗe min baki. Na yi mata wa'azi na kusan rabin awa. Na ce Bitrus masunci ne, ɗan'uwansa masunci ne, duniya kogi ce, kowane mai bi yana da komarsa. Har da tashi tsaye ina nuna yadda ake jefa koma, ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Wallahi ranar na burge kaina. Inna ta ce, "To," ta gyara ɗaurin kallabinta. Na ɗauka ta gamsu. Wata uku cur tana maimaita addu'ar nan safe da yamma, kuma babu wanda ya ankara, don baƙin namu ba su san kalmar masunta ba.

Ranar gwaji ta zo. Bayan Misa Momper ya sa aka ajiye kujera biyu a gaba, ya zauna, Inna ta zauna, jama'a suna kallo. Ni kuwa na sha farar riga na kame a gefe, ina jiran yabo. Ya ce ta fara da addu'ar Ubangiji, ta zuba ta ba gargada. Ya ce ta yi gaisuwar Maryamu. Ta fara da muryarta mai rawa, tana zuwa wurin ta ɗaga murya, yadda na koya mata: "Mu matalautan masunta!"

Momper ya ɗago kai. "Inna, ku sake faɗin wurin nan."

Ta sake.

"Masunta?"

"Masu kamun kihi, Momper. Duniya kogi ce, kowa da komarsa. Haka Mushe ya ce."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Wata ungozoma 'yar Benin ta tambaye shi da Faransanci abin da tsohuwar ta ce, ya fassara mata. Matar nan ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa, ta raɗa wa na kusa da ita, shi ma ya raɗa wa na kusa da shi. Kafin ka ce me, benci uku sun kama tari.

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa sai na miƙe. Na ce, "Momper, a yi min afuwa, amma fassarar daidai take. Faransanci aikina ne." Na zaro littafin addu'ata daga aljihu, na buɗe shafin, na taka har gabansa, na dangwala yatsa a kan kalmar don in nuna masa hular da ke kan harafin.

Babu hula.

'Yar alama ce siririya mai karkata dama, tana zaune abinta, ta shekara goma sha tana jirana. Mai hula shi ne masunci. Wannan kuwa, mai karkatar, mai zunubi ne. Na san kalmar zunubi da Faransanci sarai, kullum ina faɗinta, amma ban taɓa haɗa ta da 'yar'uwarta ba. Na tsaya da yatsa a kan takarda, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Au."

Dariyar da aka danne ta ɓalle gaba ɗaya. Har Malam Idi ya leƙo ta taga ya ga ko lafiya.

Amma Momper bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai tayar min da hankali. Ya ce a hankali, "Inna ba ta da laifi. Sai dai in addu'ar kullum ta koma haka, ban san yadda sauran karatun ya koma ba. Baftisma ba abin gaggawa ba ce. Ina ganin gara a sake zama, a bari sai baɗi."

Nan kunya ta gudu, tsoro ya maye gurbinta. Baɗi! Tsohuwar da ta ce min ba ta da wata shekarar. Girman kaina ne zai hana ta abin da ta shekara biyu tana hawa amalanke dominsa. Ban san lokacin da na durƙusa da farar rigata a kan simintin nan ba. Na ce, "Momper, ni ne jakin, ba ita ba. Ka hana ni koyarwa har abada, na yarda. Amma ka tambaye ta komai, don Allah ka tambaye ta."

Inna dai ba ta gane abin da ake ciki ba, don rabin rigimar da Faransanci aka yi. Ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Wai mi ya faru ne? In ba masunta ba ne, su wane ne?"

Momper ya ce, "Masu zunubi ne, Inna. Ki yi addu'a dominmu, mu masu zunubi."

Sai ta dafe ƙirji da hannu biyu.

"Masu zunubi? Ashe da ni a ciki!"

Ta juyo wajen da take jin numfashina ta ce, "Ɗan nan, wata uku ka hana ni barci. Kullum in na yi addu'ar sai in ce, to, Uwa tana roƙa wa masu kihi, mu masu ƙuli-ƙuli fa, wa zai roƙa muna? Na ce ko sai an yi min baftisma za a sa ni a layi. Ban yi musu ba don kai ne mai karatu. Amma zunubi? Wanga ai nawa ne, ba sai an koya min ba. Na yi gulma, na yi zagi, na yi shekara bakwai ba na gaisa da maƙwabciyata a kan akuya. In don masu zunubi ne, ni ce ta gaba-gaba!"

Hawaye na bin kumatunta, amma dariya take yi. Na dubi Momper na ga ya sake cire tabarau, wannan karon ba gilashin ya goge ba.

Ya gyara zama ya shiga yi mata tambayoyi. Allah nawa ne? Ta ce ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma kada a tambaye ta yadda aka yi, ita dai ta gaskata. Sakramenti nawa? Ta lissafa bakwai a yatsunta, ta fara daga baftisma ta ƙare a aure, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Me ruwan baftisma yake yi? Ta ce yana wanke abin da sabulu ba ya kaiwa, ya mai da mutum ɗan gida wurin Allah. Abin da ake karɓa a Misa fa? Ta ce ido yana ganin burodi, amma jikin Almasihu ne, shi ya sa ba a zuwa da ƙiyayya a ciki, kuma shi ya sa tun watan jiya ta je ta gaida mai akuyar. Ina durƙushe ina jin amsoshin nan, kowace ɗaya sai in ji kamar an sauke min buhun gero daga ka.

Momper ya rufe littafinsa ya ce, "Na gwada masu digiri ba su ba ni amsa haka ba. Inna, ku shirya farin zane."

Ungozomar nan da ta fara dariya ita ta fara tafi. Inna ta rangaɗa guɗar da ban san tana da sauran ƙarfinta ba, har jakin da ke waje ya amsa. Ni kuwa na tashi ina tsalle da gwiwoyi biyu baƙi ƙirin da ƙura, ina "Ta ci! Ta ci!" kamar ni na yi abin kirki. Farin cikin da na ji ranar ko sakamakon jarrabawata bai ba ni irinsa ba.

Ranar Lahadin Paska, da hantsi, aka yi wa Inna Tabawa baftisma. Da ruwan ya sauka a goshinta ta ce "Amin" da ƙarfin da ya sa Momper ya ɗan ja baya. Bayan an fito, Malam Idi ya kama hannunta zai hau da ita amalanke, sai ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa, fuskarsa ba alamar wasa, ya ce, "To, sai wata Asabar, Sarkin Ruwa."

Shi ke nan, ya kashe ni. Kafin sati ya zagayo sunan ya kai lakwal, ya kai tasha, 'yan kabu-kabu na ɗaga min hannu suna "Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa, ya kogi?" A garin da sai an zura guga gaba ashirin kafin a taɓo ruwa! Da farko nakan ɓata rai, yanzu kuwa amsawa nake, har in ce kogi ya yi albarka.

Abin da na koya dai shi ne, in tsohuwa ta ce maka "To" ta gyara kallabi, ba gamsuwa ta yi ba, raga maka ta yi. Kuma duk lokacin da muka zo wurin nan a cikin addu'a, da Hausa nake faɗinsa, da ƙarfi, don na tabbata da ni a ciki.