Rawar Makiyayan Silobak a Gaban Alhaji Bukar

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na taka rawar mutanen Silobak a bainar jama'a. Daga ita ban ƙara ba.

Lokacin ina sabon malami a wata sakandare a Potiskum, cikin shekarun saba'in. Akwai wani Bature mai koyar da lissafi, Mista Yura, mutumin Cekoslobakiya (ko da yake kullum sai ya gyara maka, shi ɗan Silobak ne). Da la'asar yakan ɗora faifai a garmaho, gogen ƙasarsu yana tashi, ya nuna mana rawar makiyayan tumakinsu: ka riƙe ɗan gatari, ka tsuguna, ka zabura sama, ka sake tsugunawa kana watsa ƙafa. Ni da rawar kai na ce ai wannan wasan yara ne. Shi ke nan ya sa ni cikin masu yi ranar rabon kyaututtuka.

Abin da ban sani ba, an gayyaci Alhaji Bukar, babban dillalin shanu na unguwar Hausari, mahaifin Falmata. Manyana sun riga sun je nema mini aurenta, ya ce a dakata ya binciki natsuwata.

Aka saki kiɗa. Na yi juyi na tsuguna, sai ga ni daidai gaban kujerarsa. Bawan Allah ya ɗauka gaisuwa ce.

"Lafiya lau, Malam, ya gajiya?"

Kafin ya rufe baki na yi sama. Na sake dira.

"Madalla, ya mutanen gi..."

Na kuma zabura, gatari a hannu, ƙafa tana harbin iska. Kiɗan nan ba ya jira, Mista Yura yana tafi, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. A na uku sai na ji Alhaji ya ce da na kusa da shi, "Anya yaron nan shi kaɗai ne kuwa?"

Sai da kawuna ya yi ta zarya, har da rantsuwa cewa babu mai iska a danginmu, kafin aka ba ni Falmata. Amma har Alhaji ya bar duniya, in na durƙusa zan gaishe shi sai ya ɗan ja da baya ya ce, "Tsaya tukun, wannan ta zama ce ko ta tashi?"

Tun daga ranar, kafin in tsuguna a ko'ina sai na duba wanda ke gabana.