Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Shagon Sitika

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, ƙanin mai shagon buga alluna da ke jikin shagon aski, wanda abokai ke kira Injiniya ba don ya karanta ba, yana sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin ciki. Rai ya yi halinsa jiya da la'asar, a hannunsa, bayan gajeriyar jinya.

Marigayiya ta yi shekara da shekaru tana tuƙa injin yanka sitika, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Da safe takan yi gurnani, ta yi ɗan tari, ta ce "ɗit", aiki ya kankama. Ba ta da sauri, amma ba ta saɓa alkawari. Ita kaɗai injin ke jin maganarta, domin manhajar da ke haɗa su a cikinta kawai take, kamfanin da ya yi ta kuwa ya daɗe da rufewa. Shi ya sa da Yaya, mai shagon, zai yi tafiya, ya damƙa wa ƙaninsa makulli, ya ce in ya dawo ya tarar da komai lafiya, sabon shagon da zai buɗe na Injiniya ne. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: kada a taɓa Gwaggo.

Injiniya bai yi niyyar cuta ba. So ya yi Yaya ya dawo ya ga ci gaba, sai ya ɗora mata sabuwar manhajar zane. Manhajar ta ƙi buɗewa, ta ce akwai fayil ɗin da ba ta gani ba. Ya nemo ya saka, ta ambaci wani. Ya kawo wannan, shi kuma ya ce ba zai zauna ba sai an sabunta babban fayil ɗin da duk manhajoji ke tarayya a kansa, kamar guga ɗaya a gidan haya. Ya ruga wajen abokinsa, ya kwafo irinsa a filas ɗin ajiyar fayil daga sabuwar kwamfuta, ya danne na Gwaggo da shi, bai ajiye tsohon a gefe ba.

Nan ciwo ya yi tsanani. Abin da yake buɗe yana nan yana numfashi, amma duk abin da ya taɓa sai ya ce ba a ga fayil ba, har umarnin da zai kwafo magani da shi. Ya kira mai gyaran kwamfuta, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu, ya ce, "Haba Injiniya, kashe ta ka kunna mana! Tawa ma haka nake mata." Ya danna maɓallin kashewa. Fankar cikinta ta yi ajiyar zuciya, ta tsaya. Bai ɗauke yatsa ba mai gyara ya kira, ya saurari bayani, ya ce, "Da sauƙi. Abu ɗaya dai, kome za ka yi, kada ka kashe ta."

An kunna ta. Ta yi gurnani, ta yi tari, ba ta ce "ɗit" ba. Mai gyara ya zo ya duba, ya cire hularsa.

Ta rasu ta bar injin yanka sitika, wanda yanzu ya zama maraya, da madannai mai gogaggun haruffa, da aikin allon wani kantin magani da aka yanka rabi, mai shi na ta bugo waya. Ta kuma bar Injiniya, wanda har yanzu bai gaya wa Yaya ba.

An lulluɓe gawa da ƙyallenta, tana nan inda take. Za a yi jana'iza gobe da safe, da zarar Yaya ya shigo ya danna maɓallinta, kamar yadda ya saba kafin ya zauna. Ana roƙon manya masu faɗa a ji su zo da wuri, su tsaya tsakanin 'yan'uwan biyu. Iyalai na fatan gawa ɗaya kawai za a fitar daga shagon.