Binciken Teku a Ƙunshin Amane

Jiya da hantsi na je kasuwa sayen amane, wato ƙananan bandar kifin nan da ake kawo mana daga bakin teku, na koma unguwarmu Nyohini da abin da bai kai ɗan yatsana ba. Tun da matata Rakiyatu ta rasu miya ɗaya na iya, ta kuka, ita ma ba ta haɗiyuwa sai da amane. Don haka maganar teku ta shafe ni, ko da yake ban taɓa ganin ruwan da ya fi na mashigar Yeji faɗi ba.

Na ce wa Rosina mai kifi, "Mma, wannan kifi ne ko allura?"

Ta ce, "Afa Mutaru, kai yi dariya. Teku ya gaji. Kwesi ɗan'uwana ya jefa taru, ba komi. In haka ya ci gaba, ni rufe tebur, ni koma gida."

Shekara goma sha ɗaya tana kan teburin nan, da shi take ciyar da 'ya'ya huɗu. In ta rufe, su da yunwa, ni da ruwan kuka.

Ina da wata cuta: ba na iya jefar da takarda sai na karanta. Da na kwance ƙunshin kifin sai ga shafi na arba'in da ɗaya na wani rahoto da Turanci. Ashe wasu malaman kimiyya sun yi shekara uku cikin taɓo har gwiwa a bakin tekunmu, suna awo suna ƙirga. Sun gano cewa 'ya'yan kifi suna girma ne a tsakanin saiwoyin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin koguna. Itatuwan nan kuwa su ake sara ana banda kifi. Wato muna ƙona ɗakin ɗa don mu gasa uwarsa. Sun gwada a wani lungu: aka daina sara, aka sake dashe, aka ajiye taru mai ƙananan idanu, damina biyu kifi ya fara dawowa. Na daɗe ban karanta magana mai hankali haka ba, kuma da mai a jikinta.

To me ya kawo ta Tamale, mil ɗari huɗu daga inda ake bukatarta? Na tambayi maƙwabcina Wumpini, wanda ke masinja a ofishin da takardun suka fito.

Ya ce, "Afa, ai adalci aka yi. Ranka-ya-daɗe Mai Hatimi, shugaban ofishinmu, ya ce yanzu mun sami 'yanci, ƙasa ɗaya ce, ba wanda za a ware. Aka raba rahoton bisa girman kowane yanki a taswira."

"Mu nawa muka samu?"

"Ɗaki guda, har rufi. Mu ne manya a taswira."

"Masuntan fa?"

"Ƙauyukansu ko ɗigo ba su kai ba. An ce an aika biyu, suna cikin kabad don kada su yi datti."

Allah ya ƙara wa Mai Hatimi basira. A zamanin Turawa an hana mu Arewa makaranta, yau ga shi an ba mu ilimin teku har ya yi mana yawa muna naɗe kifi da shi. Manomin dawa na Kasalgu, wanda matarsa ke tafiyar mil biyu neman ruwan sha, yanzu ya san irin tarun da bai kamata ya jefa ba. Wanda ya ce ba a ci gaba, hassada ce.

Da la'asar na koma wurin Rosina, na fassara mata shafin. Ta ce, "Kakata ya faɗi wannan. Da, akwai watan da ba a taɓa ruwa, ba a sare itace. Yara suka ce maganar tsofaffi ne." Ta jawo damin takardun daga ƙarƙashin tebur. "Amma in Turanci ya faɗi, Kwesi zai ji."

Muka zauna muna jera shafuka, ni ina duba lamba, ita tana goge mai. Ta cusa su cikin kwandunan da babu komai ciki, waɗanda lori zai mayar kudu ranar Asabar. Malamin makarantar ƙauyensu zai karanta wa masunta. Ta ce za ta riƙe teburin har ƙarshen damina ta ji abin da suka yanke. In kifi ya dawo, na san wanda zai hau mumbari ya karɓi tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Babi ɗaya kawai muka rasa, na ƙarshe, mai shawarwari ga hukuma. Wumpini ya ce mai ƙosai ta ƙofar ofishin ce ta kwashe shi tana naɗe ƙosai. Ban yi baƙin ciki ba. Ranka-ya-daɗe ba ya wasa da karin kumallo, wataƙila a karon farko takardar ta isa teburinsa.