Manyan Tayoyi da Rantsuwar da Na Yi a Bakin Titi

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda yake rufa asirin bayinsa, yake kuma tona shi idan tonawar ta fi zama alheri gare su. Ni dai nawa asirin an tona shi ranar Talata da hantsi, a bakin titi, gaban 'yan kallon da ban gayyata ba.

Ina hanyar zuwa karatun da nake bayarwa sai wani jami'i mai kula da gudun motoci ya ɗaga mini hannu. Na tsaya ina murmushi, a zatona ɗalibina ne yake son gaisuwa. Ya leƙo ta taga, riƙe da na'urar auna gudu.

"Baba, sannu da hanya. Ina ake sauri haka? Ko gobara ake yi a gida?"

Na ce, "Ɗana, ni ne mai saurin? Ni da masu keke suke wuce ni suna yi mini sannu?"

Ya ce, "Dokar nan sittin ce, na'ura kuwa ta kama ka a sittin da bakwai."

Mai karatu, dole in bayyana maka abin da ya sa gabana ya faɗi, domin ba tarar ce ta dame ni ba. Tun bara babbar 'yata, wadda take koyar da lissafi, take roƙona in daina tuƙi, wai idona ya raunana, gwiwata kuma ba ta cika yi wa birki biyayya ba. Ni kuwa na tara iyali na ce, ranar da hukuma ta kama ni da laifin gudu, a ranar zan miƙa mata makullin motar. Na faɗi haka da natsuwar wanda ya yi alkawarin abin da ya tabbata ba zai faru ba.

Saboda haka na dubi jami'in, ni da nake hana ɗalibai yawan rantsuwa, na rantse masa da Wanda raina yake hannunsa cewa allurar malejina ba ta haura sittin ba. Ya ce, "Baba, ban ƙaryata ka ba, amma na'ura ba ta jin rantsuwa." Ya rubuta mini tara cikin ladabin da ya fi zagi ciwo.

Na koma gida a fusace. Da ina da wayo da na yi shiru, amma wanda yake ganin an zalunce shi ba ya iya kame baki. Na zayyana wa iyali komai, har na ce a wannan shafi nawa na jarida zan tambayi wanda aka ba kwangilar sayo na'urorin nan, da kuma surukin wane ne shi.

'Yata ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Baba, yaushe ka canza tayoyin nan?"

Ga yadda aka yi. Titin unguwarmu, Allah Ya saka wa Mai Girma Jagoran Masu Aza Harsashi da alheri, an ƙaddamar da gyaransa sau da dama, kowane karo da rumfa da lasifika, har ramukan suka girma a gabanmu kamar 'ya'yan maƙwabta. Motata gajeruwa ce, kullum cikinta yana gogar ƙasa, salansa mai fitar da hayaƙi ta yi ta faɗuwa har na gaji da tsinta. Wata rana muna layin mai, wanda shugabanninmu suka tanadar mana domin mu riƙa sada zumunci, maƙwabcina tela ya ce, "Malam, ka sa mata manyan tayoyi mana, ta ɗaga sama." Shi dai keken ɗinki kaɗai ya taɓa tuƙawa. Amma shawarar ta yi mini daɗi, musamman da na hango kaina a zaune sama da sauran mutane. Mai tayoyi bai yi gardama ba, ya ɗaura mini mafi girman da za su shiga.

'Yata ta sa aka gangaro da ɗaya daga cikin tsofaffin tayoyin zuwa tsakar gida, aka kwance sabuwa guda aka ajiye kusa da ita. Ta shafa wa kowacce alli, ta mirgina su juyi ɗaya ɗaya. Sabuwar ta zarce tsohuwar da kusan taƙi guda.

Ta ce, "Baba, maleji ba ya ganin titi, juyin taya yake ƙirgawa. Har yanzu yana zaton ƙananan ne a ƙafarta. Shi ya sa yake ce maka sittin alhali ka wuce. Na'urarsu ba ta yi ƙarya ba."

Na dubi allin nan, na ga babu tawilin da zai goge shi. Watanni ke nan ina karya doka da tasbihi a bakina, ina kuma girgiza kai ga matasa masu gaggawa. Har na yi ta murna cewa ina isa wurin karatu da wuri, na ɗauka albarka ce aka sa mini a lokaci.

Sai na koma ga abin da na iya. Game da rantsuwar bakin titi na sami sauƙi, domin malamanmu sun ce wanda ya rantse a kan abin da ya yi imani gaskiya ne, daga baya ya bayyana ba haka ba, babu kaffara a kansa. Saura alkawarin makulli. Na shiga ɗakin littattafaina, na fito da mafita wadda ni kaina ta burge ni: na ce alkawarina a kan gudun ganganci ne, wannan kuwa laifin taya ne, taya kuma ba ta cikin waɗanda shari'a ta ɗora wa nauyi.

Mai ɗakina, wadda ta shekara da shekaru tana jin karatuna daga bayan labule, ta ajiye tsintsiya ta ce, "Malam, ba kai ne kake cewa ana fassara alkawari da abin da wanda aka yi wa ya fahimta ba? Ko wannan babin na ɗalibai ne kawai?"

Ban taɓa nadamar ɗaga murya wajen karatu kamar ranar ba.

A nan ne na ƙara girmama manyanmu, domin sun fi ni sanin sirrin taya. Ni na sa manya, ina gudu allura tana cewa tafiyata a hankali ce. Su kuwa, Allah Ya ƙara musu basira, ƙanana suka ɗaura wa motar jama'a, ga allura tana nuna ɗari, ga mai tafiya a ƙasa yana wuce mu. Wasu ma sun ɗaga motar a kan jak, sun taka totur, tayoyi suna juyawa a iska, maleji ya ƙure, ana kiran 'yan jarida su ɗauki hoton allurar. An kafa kwamiti, juyi ɗaya. An yi taron bita, juyi biyu. Ba wanda ya yi ƙarya, juyin dai an yi shi. Kuma ban ji an tsayar da ɗayansu a bakin titi ba.

Bayan sallar la'asar na kira 'yata na miƙa mata makullin. Hannuna ya ɗan ƙi buɗewa, sai da ta ce, "Baba, saki mana," sannan na saki. Ta durƙusa ta karɓa, idonta ya ciko, ni kuma na dubi rufin ɗaki kamar ina neman inda yake yoyo.

Yanzu ita take kai ni karatu kafin ta wuce makaranta, ni ina kujerar baya. Ban taɓa sanin wurin yana da daɗi haka ba. Ba ka ganin allura, ba ka ganin hanya, ƙeyar direba kawai kake gani. Jiya wani dattijo ya tare mu a bakin layi yana kukan magudanar ruwan da ta toshe masa ƙofar gida. Na sauke gilashi kaɗan, na ji bakina yana ce masa ya ƙara haƙuri, ana nan ana duba lamarin. Allah Ya shirye mu.