Sallau a Bayan Fijo

Sallau bakanike shekara biyu yana haɗa wata tsohuwar Golf saboda tseren motoci da matasa ke shiryawa a wani fili a bayan garin Gusau. Tseren nan kwana biyu ake yi. Ranar Asabar gwaji ne: kowa shi kaɗai zai shiga fili ya zagaya, ana duba masa agogo, wanda ya fi sauri shi za a ajiye a gaba wurin tashi. Ranar Lahadi kuwa sai a saki motocin gaba ɗaya, zagaye goma, kowa tasa ta fisshe shi.

To, ranar Asabar Sallau ya yi abin da har masu shirya tseren suka riƙa girgiza agogon ko ya lalace ne. Shi ne na ɗaya cikin mutum goma sha biyu. Na goma sha biyun kuwa ba kowa ba ne illa surukinsa, Alhaji Tanimu, tsohon direban tirela, wanda ya shigo da Fijo ɗinsa wai don ya nuna wa yara tuƙi. Ga kuma wani abu: matar Sallau, Hansai, wata uku ke nan tana gidan Alhajin, ta je wankan jego. Arba'in ta wuce tuni, Sallau ya aika biko har sau biyu, Alhaji ya ce ai ba sauri ake ba.

Ranar Lahadi ana ɗaga tuta Sallau ya fita kamar an harba shi. Kafin zagaye na huɗu ya ba na biyu tazarar da ko ƙurarsa ba ya gani. Yana shan wata kwana sai ga Fijo a gabansa. Ashe tsabar gudu ya zagayo har ya tarar da na ƙarshe. Alhaji na tsakiyar hanya, gwiwar hannu a taga, yana tafiya irin ta mai ɗauke da buhu ɗari shida. Wuce shi sai an yi masa hon, an kuma bule shi da ƙura a gaban jama'a.

Sallau ya ɗaga ƙafa daga totur. Haka ya bi bayan Fijo tiryan-tiryan, motoci goma suka zo suka wuce su ɗaya bayan ɗaya, kowa da hon ɗinsa. Kofin gasar dai wani ɗan Talata Mafara ya tafi da shi.

Da aka tashi, Alhaji ya fito yana kakkaɓe hula, Sallau ya durƙusa ya yi masa sannu da hanya.

"Na gan ka a madubi," in ji Alhaji. "Tuƙinka da natsuwa. Ka zo gida ranar Juma'a mu yi magana."

Alhaji na ba da baya, Gambo mai faci, wanda ya ba da tayoyi huɗu kyauta don a ci kofin nan, ya iso kamar zai yi kuka.

"Haba Sallau! Inji ne ya buga?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To taya ce?"

"Tayoyinka ba su da laifi."

"To don Allah me ya faru? Jiya fa ko agogo sai da ka ba shi kunya!"

Sallau ya cire hular kwano, ya share zufa.

"Agogo bai ba ni 'yarsa ba."