Marjorie Ta Kai wa Kawu Angus Fure

Jama'a, ranar tunawa da sojojin Kanada ta bana ta kusa raba ni da yatsun ƙafata. Awa biyu na yi a tsaye cikin sanyin Nuwamba gaban Kabarin Sojan da Ba a Sani Ba, duk saboda maƙwabciyata Marjorie Kinnear, mai shekara tamanin da takwas. Kawunta Angus ya tafi yaƙi Faransa, ko takalminsa bai dawo ba, ita kuwa ta yanke hukunci shi ne kwance a ciki.

"Marjorie, an ce fa ba a san ko wane ne ba."

"Su ne ba su sani ba, Wilfred. Yi min shiru."

Burinta ɗaya: ta cire jan furen da ke ƙirjinta ta ɗora a kabarin yadda kowa ke yi, kafin motarmu ta tashi ƙarfe ɗaya. Likita ya ce daga bana gwiwoyinta sun gama doguwar tafiya.

To, an gitta mana igiya, wai sai manya sun gama. Allah ya ja zamanin manya! Wani babban ɗan siyasa, Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle, ya ajiye furanninsa, mai hoto ya ce ya ƙifta ido. Aka ɗauke, ya sake ajiyewa. Iska ta birkita masa gashi. Aka sake. Sojan nan bawan Allah ya mutu sau ɗaya, an yi masa ta'aziyya sau uku.

Ɗaya saura kwata sai ga wata ma'aikaciya tana leƙa fuskokinmu kamar mai zaɓen kabewa. Wai hoton bai cika ba, ana neman tsohuwa.

"Iya, ko za ki tsaya kusa da Mai Girma? Minti ɗaya tak."

"Ɗaga igiyar, 'yar nan."

Marjorie ta damƙe hannun Mai Girma, ta rataya masa jakarta, ta ja shi har bakin kabari. Ta ɗora furenta. Sannan ta shiga ba Kawu Angus labarin gida: wanda ya rasu, wadda ta haihu, da ramukan titinmu da aka yi alkawarin cikewa tun zaɓen da ya wuce. Kyamarori na kansa, ba halin ƙwacewa. Da ya ɗan motsa ta ce, "Tsaya cak, yaro, manya na magana."

Da ƙyar muka samu mota. Amma ni shaida ne: Mai Girma ya saurari talaka minti goma cif. Ashe yana iyawa, sai dai a haɗa da mamaci.